Idan Jirginka Ya Yi Gargaɗi, Tsaya Ka Karanta

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau na masu ƙananan jiragen nan ne marasa matuƙa, waɗanda matasa ke ce wa duron. Yanzu sun zama ruwan dare. Ka je biki ka ji ɗaya yana ƙugi a saman rumfa, ka je kallon hawan sallah ka gan shi yana bin dawaki, masu shirya fim kuwa ba sa rabuwa da shi. Akwai kuma waɗanda sha'awa ce kawai ta sa suka saya, su fita fili da la'asar su tayar da abinsu. Duk inda ka zauna da masu irin wannan jirgi, koke biyu za ka fi ji: rubutun gargaɗin da ke faɗowa a allon waya ana shirin tashi ko ana tsakiyar tafiya, da saƙon da ke cewa a sabunta manhaja. A kansu za mu yi zaman yau.

Misalaina za su fi karkata ga jiragen DJI, kamfanin da Frank Wang ya kafa a 2006, wanda hedikwatarsa ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ba talla nake musu ba, su ne dai suka fi yawa a hannun jama'a, musamman ƙananan nan da ake kira Mini, masu nauyin da bai kai giram 250 ba. Mai wani samfuri daban kada ya kashe rediyo, domin kayan cikinsu kusan iri ɗaya ne, ciwonsu ma iri ɗaya ne. Jirgin nan ba ya gargaɗi haka kawai. Duk rubutun da ya fito, akwai abin da ya auna ya ga bai yi daidai ba. Wanda ya saba danna rubutun ya kawar da shi ba tare da ya karanta ba, wata rana zai tsaya yana kallon sama, kuɗinsa sun tafi.

Bari mu fara leƙa cikinsa. Akwai kamfas, mai gaya masa inda hancinsa ya dosa, gabas ko yamma. Akwai wata na'ura da ake kira IMU, mai auna karkata da girgiza da saurin juyawa. Akwai ma'aunin nauyin iska, da shi yake sanin tsawon da ya yi sama. Akwai GPS, mai karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Sannan ta ƙarƙashinsa akwai 'yan ƙananan idanu masu kallon ƙasa. Kwamfutar jirgin tana zaune kamar alƙali, waɗannan kuwa su ne shaidu. Muddin bakinsu ɗaya, sai ta yanke hukunci, ta gaya wa injinan jirgin huɗu saurin da kowanne zai juya, jirgi ya tsaya cak a sama. Da zarar shaida ɗaya ya saɓa wa sauran, ko ya yi shiru, sai ta rubuto maka. Saboda haka tambayar farko kullum ita ce: wane ne a cikinsu ya rikice, kuma shi ne ya lalace, ko wurin da aka ajiye jirgin ne ya rikita shi?

Na san yawancin rubutun da Turanci yake fitowa, wani lokaci kuma ya ɓace kafin mutum ya gama karantawa. To ka ɗauki hoton allon wayarka nan take. Idan akwai lamba a jikin gargaɗin, ita ma ta shiga hoton, domin da ita mai gyara zai gane ainihin abin da ake nufi. Ka kuma lura da launi. Rawaya yawanci tana nufin ka yi hattara, ja kuwa tana nufin kada ka tashi, in kuma kana sama ka sauko.

Kamfas ne ya fi kowa jawo rikici, kuma a kansa zan ɗan daɗe. Maganaɗisun duniya yake bi, shi kuwa rarrauna ne ƙwarai, ƙarfe kaɗan a kusa ya isa ya danne shi. To ina mutanenmu suka fi son tayar da jirgi? A kan dakin na bene, wanda cikinsa cike yake da rodi. A kan bonet ɗin mota. Kusa da manyan sifikun makaɗa a wurin biki, kowace da ƙaton maganaɗisu a cikinta. Gefen taransifoma, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Sai allo ya ce akwai matsala a kamfas, a yi masa saiti. Nan take mai jirgi ya sunkuya ya ɗauka, ya fara juyi da shi a daidai wurin da ƙarfen yake. Gargaɗi ya ɓace, ya ji daɗi. Alhali abin da ya yi shi ne ya koya wa kamfas ƙarya, ya sa shi ya ɗauki jan rodin nan a matsayin arewa. Jirgi na tashi ya yi nisa da ƙarfen, sai kamfas ya ce ga inda muka dosa, GPS ya ce a'a, ba can muke tafiya ba. Kwamfuta ta yi ta ƙoƙarin gyara, kowane gyara kuma yana ƙara ɓata lissafi. Abin da za ka gani da idonka shi ne jirgi ya fara zagaye shi kaɗai, da'ira ƙarama, tana faɗaɗa, tana faɗaɗa, har ya daki bango ko bishiya.

Maganin ba shi da wuya. Kashe jirgin, ka ɗauke shi, ka yi taku ashirin zuwa fili mai ƙasa zalla, ka sake kunnawa. Sau da yawa za ka ga gargaɗin ya tafi da kansa, wato da ma kamfas lafiyarsa ƙalau. In ya ƙi tafiya a fili mai tsabta, to a nan ne za a yi saitin. Cire agogon ƙarfe, ajiye makullan mota can gefe, riƙe jirgin kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ka zagaya da shi sau ɗaya yana kwance, sannan ka miƙar da shi tsaye ka sake zagayawa, yadda hoton allo ke nunawa. Ga kuma wata 'yar dabara da nake so kowa ya mai da ita ɗabi'a: kafin ka tashi, dubi kibiyar da ke wakiltar jirgin a taswira. In hancin jirgi yana kallon gabas, kibiyar ma ta kalli gabas. In ka ga sun bambanta, kada ka tashi ko da allo bai ce komai ba.

Shi IMU ba ya son yawan taɓawa. Sai in jirgin ya faɗi, ko ya sha bugu a jaka, ko manhaja ta nema da kanta. A yi saitinsa a kan tebur wanda bai karkace ba, jirgin yana da sanyi bai riga ya yi aiki ba, a riƙa juya shi gefe-gefe yadda aka nuna, kada kowa ya jingina da teburin har a gama.

Sai GPS. Taurarin da yake sauraro suna can sama, nisan kusan kilomita 20,000. Amurka na da nata, su ne GPS na asali, Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, jiragen yanzu kuma sukan haɗa biyu ko uku su yi aiki da su. A lissafi, taurari huɗu sun isa a san inda abu yake. A aikace, mai hankali yana jira adadin da ke kusurwar allo ya haura 10 ko 12, ya kuma ji an sanar cewa an rubuta wurin komawa gida. A lungu mai dogayen katangu ko ƙarƙashin inuwar darbejiya, jirgi ba ya ganin sararin sama sosai, sai ya daɗe yana nema. Haka in ka tafi da shi wani gari mai nisa, ko ya yi watanni a ajiye. Minti biyu ne ko uku, a yi haƙuri da su. Wanda ya yi gaggawa ya tashi kafin a rubuta wurin komawa, jirgin zai rubuta duk inda ya fara samun taurari, ko da a saman gidan maƙwabci ne ko tsakiyar kududdufi, can kuma zai nufa ranar da sadarwa ta yanke.

In GPS ya ɓace ana sama, ko kwamfuta ta daina yarda da kamfas, za ka ga an rubuta haruffa huɗu, ATTI. Ma'anarsa jirgin zai riƙe tsawonsa, amma ya daina riƙe wurinsa. Ba shi da birki. Ka saki sandunan rimot, iska ta tafi da shi. Komawa gida da kansa ma ba za ta yi aiki ba, domin bai san inda yake ba. Masu farawa da yawa a nan suke cewa jirgi ya gudu, alhali jira yake a tuƙa shi da hannu. Kada ka firgita ka kama danne-danne. Zuba masa ido, ka tura shi ya yi gaba da iskar a hankali, ka rage tsawo, ka sauke shi a fili mafi kusa, ko da sai ka taka ka ɗauko.

Tunda mun taɓo komawa gida, kowa ya buɗe saitinsa ya duba tsawon da aka sa wa jirgi ya hau kafin ya juyo. Dole ya fi duk abin da ke kewaye tsawo, hasumiyar masallaci ce, turken kamfanin waya ne, ko rimi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan gargaɗin da ƙananan jirage marasa matuƙa ke yi, da yadda ake sabunta manhajarsu.

Mu zo kan batir, wanda a ƙasarmu shi ne ya fi shan wahala. Batiran nan na litiyom ne, a ciki kuma an haɗa ɗakuna biyu, uku ko huɗu, gwargwadon girman jirgi. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a jikin batirin da ke lura da kowane ɗaki. Idan ta ce ƙarfin ɗakunan ya bambanta, ko ɗaya ya samu matsala, wannan gargaɗi ne da ba a jayayya da shi. Irin wannan batir yakan nuna kashi 40 cikin ɗari, ka ba jirgi wuta, sai ɗakin nan mai rauni ya zube gaba ɗaya, jirgi ya fara sauka inda ba ka so. Batirin da ya kumbura, har yana wuyar shiga ko fita, ya gama aiki. Kada a huda shi, kada a danne shi da nufin ya koma, kada a kwana da shi a ɗaki kan caji.

Littafin yawancin jiragen nan ya ce iyakar zafin da za su yi aiki a ciki digiri 40 ne, caji kuma tsakanin digiri 5 zuwa 40. Mu kuwa a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yakan haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Shi ya sa gargaɗin zafi ya fi yawa a bazara. Wasu ƙananan jirage, irin su Mini 3 Pro, ba su da fanka a ciki, iskar farfela ce ke sanyaya su. Ka kunna shi ka ajiye a ƙasa kana ta latse-latsen saiti da tsakar rana, zai yi zafi ya kashe kansa. A yi saiti a inuwa, a tashi da safe ko bayan la'asar. Batirin da ya sauko da zafi a bar shi ya huce kafin a sa shi caji. In kuma za a ajiye na makonni, a bar shi wajen kashi 60, a riƙa yi masa caji duk wata uku. Batiran DJI sukan sauke kansu zuwa wannan mataki bayan 'yan kwanaki, har su ɗan yi ɗumi. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara su.

Idan jirgi ya ce batir ya yi ƙasa zai koma gida, lissafi ya yi da nisan da ke tsakaninku. Akwai damar sokewa, mutane kuma suna sokewa don su ƙarasa ɗaukar shigowar amarya. Ni ban ga hikima a nan ba. Bayan wannan akwai mataki na ƙarshe da ba ya sokuwa, jirgi zai sauka duk inda yake, iyakacinka ka ɗan karkata shi.

Gargaɗin iska shi ma ana raina shi, saboda mutum yana ƙasa yana jin iskar ba ta da ƙarfi. A mita 100 sama labarin daban ne. Ƙananan Mini irin su Mini 3 Pro an ce suna jure iskar da ta kai mita 10.7 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 38 a awa. Iskar hunturu takan wuce haka, guguwar da ke zuwa gaban hadari da damina kuwa ba a magana. Haɗarin ya fi yawa in ka tafi iska na tura ka daga baya: tafiya ta yi daɗi, dawowa ta gagara, batir na ƙarewa jirgi yana tsaye wuri ɗaya. In gargaɗin ya fito, sauko ƙasa-ƙasa inda iska ta fi sauƙi, ka sa shi a yanayin gudu ka dawo da shi. Sai dai ka sani, a yanayin gudu idanunsa na kauce wa cikas ba sa aiki, naka idon ne zai yi.

Mariƙin kyamara, wanda ake kira gimbal, in ya yi kukan nauyi ya yi masa yawa ko ya maƙale, fara duba ko ka manta ba ka cire murfin roba ba. Abin yana faruwa fiye da yadda ake zato. In ba shi ba ne, to ƙura ce ko yashi. Farfela na fara juyawa take tayar da ƙasa, ta watsa cikin 'yan injinan mariƙin. Shimfiɗa kwali ko 'yar tabarma ka tashi a kai, ka sauka a kai. Kada ka murɗa kyamarar da ƙarfi jirgi yana kunne. Haka in an ce inji ɗaya ya ƙi juyawa: kashe jirgin, juya kowane inji da yatsa, za ka ji wanda ke ƙarar yashi ko wanda zare ko ciyawa ta naɗe. Farfelu kuma iri biyu ne, masu alama da marasa alama, biyu na juyawa dama biyu hagu. Aka musanya su, jirgi zai kife kafin ya bar ƙasa. Wadda ta tsage ko bakinta ya gutsure a canza ta, ita ce mafi arha a jikin jirgin.

Sauran gargaɗin ƙanana ne. Sadarwa ta yi rauni: faɗin eriyar rimot ake fuskantar da jirgi da shi, ba tsininta ba, kuma kada gini ya shiga tsakaninku. Katin mimori ya yi jinkiri: a sayi mai sauri na asali, jabu sun cika kasuwa. Haske ya yi kaɗan: bayan magariba, ko a saman ruwa, idanun ƙasa ba sa gani, a yi hattara wajen sauka.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

To yanzu sai batun sabunta manhaja. A nan mutane sun kasu biyu. Akwai mai danna sabuntawa da zarar ya gani, ko a ina yake. Akwai kuma mai cewa shi jirginsa lafiya yake tashi, ba zai taɓa ba har abada. Dukansu ina da magana da su.

Manhajar da muke nufi ita ce wadda ke zaune a cikin jirgin kansa, da rimot, da kowane batir, ban da wadda ke kan waya. Me ya sa kamfani ke sabunta ta? Tarihi ya ba mu amsa. A 2017 masu ƙaramin jirgin DJI Spark suka riƙa kukan yana mutuwa a sama ya faɗo. Kamfanin ya fitar da gyaran da ya shafi yadda batir ke ba da wuta, ya kuma ce duk jirgin da ba a sabunta ba kafin 1 ga Satumba na shekarar ba zai tashi ba. A farkon Janairun 2020, jiragen Karma na kamfanin GoPro suka ƙi tashi a ƙasashe da dama saboda matsalar da ta shafi GPS. Kamfanin ya riga ya daina ƙera su tun 2018, amma sai da ya fitar da sabuwar manhaja kafin suka koma aiki. Wani lokaci kuma doka ce ke jawowa. A Janairun 2015 wani jirgi samfurin Phantom ya faɗa harabar fadar shugaban Amurka a Washington, cikin 'yan kwanaki DJI ya sanar da manhajar da za ta hana jiragensa tashi a kewayen kilomita 25 daga tsakiyar birnin. Saboda haka mai cewa ba zai taɓa sabuntawa ba, wataƙila yana yawo da ciwon da aka riga aka samo maganinsa.

Shi kuma mai gaggawa, ga tawa shawarar. Kowace sabuntawa tana zuwa da bayanin abin da aka canza, a karanta shi. In gyaran batir ne ko na tsaron tashi, a yi da wuri. In ƙarin kwalliya ne a kyamara, ba laifi a jira mako ɗaya ko biyu a ji yadda ta kasance ga waɗanda suka riga, domin sabon gyara yakan zo da sabuwar matsala, kuma ba kullum ake iya komawa tsohuwar manhaja ba. Abu ɗaya dai ba na sassauci a kansa: ba a sabunta manhaja ranar aiki. Ba a filin biki ba, ba a bakin fada ana jiran fitowar sarki ba. A gida ake yi, ranar da ba ka da alkawari da kowa.

Yadda ake yi kuwa, cika batirin jirgi, cika rimot, cika waya. Tabbatar kana da data isasshiya da sabis mai ƙarfi, domin abin da za a sauke yakan kai ɗaruruwan megabayit, kuma wayar na da wurin ajiye shi. Cire murfin kyamara, ajiye jirgin a kan tebur a wuri mai sanyi, in da hali ka kunna masa fanka. Yakan ɗauki kamar minti 10, wani lokaci fiye. A tsakiyar aikin za ka ga kyamara ta saki jiki ta langaɓe, fitilu na ƙyaftawa, jirgi ya mutu ya sake kunna kansa, har ya yi 'yar ƙara. Duk wannan daidai ne. A nan ne masu ƙaramin haƙuri ke zare batir, su bar jirgi da rabin manhaja, ba tsohuwa ba sabuwa. Kada ka taɓa komai sai allo ya ce an gama. Bayan nan ka sa sauran batiranka ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne da tasa manhajar. Wanda aka tsallake, shi ne zai fito maka da gargaɗin cewa manhajoji ba su dace da juna ba, a ranar da ba ka da lokacinsa.

An gama ba yana nufin a tafi aiki ba. Littafin DJI da kansa ya ce sabuntawa na iya mayar da wasu saituna yadda suka zo daga kamfani, har da tsawon komawa gida da iyakar nisa. Ka shiga ka duba su ɗaya-ɗaya. Sannan ka fita fili inda ba mutane, ka ɗaga jirgin kamar tsawon mutum biyu, ka bar shi ya tsaya minti ɗaya kana kallonsa. Ya tsaya cak? Tura shi gaba, baya, dama, hagu. Matsa da shi ɗan nisa ka gwada komawa gida. In duk ya yi, to ya shirya.

In sabuntawa ta tsaya a hanya ta ce ta gaza, kada hankali ya tashi, da wuya jirgi ya mutu saboda haka. Kashe komai ka kunna, ka sake gwadawa da sabis mai kyau. In ta ƙi, akwai manhajar kwamfuta mai suna DJI Assistant 2, wadda ke ɗora manhajar jirgi daga farko ta hanyar kebul. A lura, wasu kebul na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai, kwamfuta ba za ta ga jirgin ba sai an canza. Masu wayar Android kuma su sani, manhajar DJI Fly daga shafin kamfanin ake sauke ta, ba ta cikin Play Store. Kada a karɓi wadda wani ya turo ta WhatsApp, kada kuma a yarda da masu cewa za su sa wa jirgi manhajar da aka fasa don a cire masa iyakar tsawo da nisa. Wanda zai sayi jirgi na hannu, ya sa mai shi ya cire shi daga asusunsa a gabansa kafin kuɗi su canza hannu.

Saura gargaɗi ɗaya, wanda ya fi sauran nauyi domin ya shafi rayukan wasu: na cewa kana kusa da filin jirgin sama ko wurin da aka hana tashi. A Kano, filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, unguwanni da yawa na maƙwabtaka da shi, don haka masu jirage a can za su riƙa ganin wannan rubutu. A Disambar 2018, rahoton ganin irin waɗannan jirage ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka kusan 1,000, fasinjoji wajen 140,000 suka shiga tasku. A da manhajar DJI kan kulle jirgi ta hana shi tashi a irin waɗannan wurare. Daga 2024 a Turai, da Janairun 2025 a Amurka, kamfanin ya sassauta, ya koma yin gargaɗi kawai ya bar wa matuƙi alhakin. Don haka jirgi ya yarda ya tashi ba shi ne izini ba. A Najeriya, tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tayar da jirgi marar matuƙi. Mai jirgi ya nemi sanin ƙa'idar da ke aiki a inda yake, ya nisanci barikin soja da gidajen gwamnati, kada ya wuce mita 120 sama, kada kuma jirgin ya ɓace wa idonsa.

In gargaɗi ya ƙi tafiya bayan an canza wuri, an canza batir, an sabunta manhaja, to aikin mai gyara ne. Ka je masa da hoton allon, ka gaya masa gaskiya in jirgin ya taɓa faɗuwa ko ya sha ruwa. Manhajar wayarka tana ajiye tarihin kowane tashi, da tsawo da ƙarfin batir da duk gargaɗin da ya fito, kada ka goge shi.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwa masu ɗaukar biki da hawan sallah ne. Na san nauyin da ke kanku: an biya kuɗi, ango na jira, jama'a sun zuba ido. Amma a ƙarƙashin jirgin nan akwai yara, akwai tsofaffi, akwai dawakin da ke iya firgita su tattake mutane. In jan rubutu ya fito, sauko da jirgin, ka ba masu biki haƙuri, ka ƙarasa aikin da kyamarar hannu.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)